Alamar ragi ɗaya a takardar zango na biyu

Ranar Alhamis na miƙa makullin kabad ɗina a makarantar da na shekara huɗu ina koyar da lissafi, can bayan Tudun Wada. Abokan aiki sun ce in bar wa wanda zai gaje ni 'yan kalmomi. Da na ɗauki biro, tambaya ɗaya ce ta tare mini gaba, ta jarrabawar 'yan SS2.

An ce a nemo lambar da ke gaban x³ idan an buɗe (2 − 3x)⁵. Duk wanda ya koyar da dokar baynomiyal, wato dokar buɗe baka mai gaɓa biyu da aka ɗora wa lamba a sama, ya san hanyar. Layin da ake buƙata a alwatikar Paskal, wato jadawalin lambobi mai siffar alwatika da ake amfani da shi wajen buɗe irin wannan baka, shi ne 1, 5, 10, 10, 5, 1. Ka ɗauki 10, ka ninka da 2², wato 4, sannan da (−3)³, wato −27. Amsa −1080. Amma takardar amsoshin da shugaban sashenmu ya raba mana 1080 ta ce, babu ragi. Ni kuwa da dare nake maki, an ɗauke wuta, ina haska fitilar waya. Ban lissafa da kaina ba. Duk wanda ya sa ragi na soke shi da jan biro.

Bayan an raba takardu, wata yarinya ta same ni a ɗakin malamai, ta ɗan durƙusa ta ce, "Malam, don Allah a sake duba mini tambaya ta huɗu." A bayan takardarta ta buɗe abin gaba ɗaya da fensir: 32 − 240x + 720x² − 1080x³ + 810x⁴ − 243x⁵. Ta ce ta sa x ya zama 1 kamar yadda na koya musu, ta tara lambobin ta sami −1, daidai da (2 − 3)⁵. Da 1080 ɗin babu ragi, da 2159 za a samu. Da makamin da na ba ta da hannuna ta kama ni. Ita ce wadda idonta ya yi haske ranar da na gaya musu cewa al-Karaji, a Bagadaza, ya bayyana wannan alwatika wajen shekara ta 1000, fiye da shekara 600 kafin Paskal ya yi rubutu a kanta a 1654.

Na ɗauki takardar na je wurin shugaban sashe. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara a amsar nan, yarinyar ce ke da gaskiya." Ko kallon bayan takardar bai yi ba. Ya ce an riga an shigar da maki, ba za a tayar da rajista saboda ɗan layi ɗaya ba. Ya ƙara da cewa, "Malam, in ka fara biye wa yara, gobe su za su riƙe maka alli."

Na yi shiru na fito, don a watan ake sabunta takardar aikina, ga kuɗin haya a kaina. Maki biyar ta rasa, ita da wasu 'yan kaɗan da suka yi aikin daidai. Waɗanda suka manta ragin kuwa aka ba su cikakken maki, suka tafi da kuskuren a matsayin ilimi. Da yayanta, wanda ke karatun injiniya a Samaru, ya zo da ƙorafi, sai shugaban sashen ya ce wa shugaban makaranta ai ni na yi makin. Bai yi ƙarya ba, jan biron nawa ne. Amma bai ambaci takardar amsoshinsa ba, kuma har na bar wurin bai taɓa ambatarta ba. Na yafe masa da baki. A zuciya ban gama ba.

Ga wanda zai karɓi ajin: kada ka yi maki da amsar da ba ka fitar da hannunka ba, ko da wa ya rubuta ta. Ka tilasta wa yara su rufe −3x cikin baka kafin su ɗora masa lamba a sama, don a nan ragin ke ɓacewa, a nan kuma suke ninka x su bar 3 a baya. Ka tuna musu da wasan cika ko mara: lambar sama in mara ce ragi na nan, in cika ce ya tafi. Gaɓa ta huɗu, wato mai x³, lambar samanta 3 ce, ba 4 ba. Gwajin x = 1 bai cin minti ɗaya. 'Yan ajina na bara da wuya ka sami wanda ragi ya kuɓuce masa, wannan kam ina alfahari da shi.

Washegarin ranar da na je wurin shugaban sashe na shiga aji na rubuta −1080 a allo, na ce musu ni na yi kuskure, wadda ta kawo gyara ita ce daidai. Ta sunkuyar da kai kawai. Makin da ke katinta bai canza ba, kuma daga ranar ba ta sake kawo mini takarda ɗakin malamai ba.