Inda Aikin Matakala Ya Tsaya: Lissafin Taki Kafin A Kafa Katako

'Yan'uwa masu koyon zanen gini, ga bayanin inda aikin matakalar benen gidanmu ya tsaya. An gama zane, an shata layukan a jikin bango, kafinta kuma yana jiran injiniya ya duba tsarin rodi kafin ya kafa katako. Kusan duk lokacin da na ɓatar a wannan mataki ya tafi ne wajen lissafin taki, domin matakalar kankare ba ta gyaruwa bayan ta bushe sai da guduma, kuma mutanen gida za su riƙa hawanta kullum tsawon shekaru.

Awo na farko shi ne tsayin da za a hau gaba ɗaya, kuma ana ɗaukarsa ne daga saman tayil na ƙasa zuwa saman tayil na bene. Tun da ba a shimfiɗa tayil ɗin ba tukuna, sai da muka zauna da birkila muka tsayar da kaurin da daɓe da tayil za su ci a kowane hawa, sannan aka buga alamar a bango. Namu ya kama milimita 3150. Wurin da aka bari domin matakala yana da tsawon mita 4.7 da faɗin mita 2.2, kuma waɗannan alƙaluma uku su ne suka yanke hukunci a kan duk abin da ya biyo baya.

Ƙa'idar da na yi aiki da ita tsohuwa ce. François Blondel, masanin gine-gine na Faransa wanda ya jagoranci makarantar gine-gine ta sarki da aka kafa a Faris a 1671, ya lura cewa takun mutum yana gajarta idan yana hawa, har ya bayyana a darussansa da aka fara bugawa a 1675 cewa tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya kamata ya yi daidai da taku ɗaya na mai tafiya a fili. Shi ya ƙiyasta takun da inci 24 na Faransa na wancan zamani, wato kusan santimita 65, yayin da masu zane a yau suka fi neman jimlar ta faɗa tsakanin santimita 60 da 64. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ba da fili mai faɗi fiye da haka ga gidan zama, inda ta yarda da milimita 550 zuwa 700, da sharaɗin kada tsayin taki ya wuce 220, kada faɗinsa ya gaza 220, kuma kada gangaren ya haura digiri 42. Wannan iyaka ce ta abin da doka ke jurewa, kuma ban ga dalilin da zai sa mai gina gidan da iyayensa za su zauna ya matsa kusa da ita ba.

Na gwada rabon 3150 ta hanyoyi daban-daban. Taki 18 yana ba da tsayin milimita 175, wanda da faɗin 280 ya kai jimlar 630, kuma babu abin zargi a cikinsa ga matashi mai lafiyar gwiwa. Taki 21 yana ba da 150 cif, wato kusan inci shida da maginanmu suka saba da shi kuma suke so saboda sauƙin awo, amma matakalar zango biyu ce, 21 kuma lamba ce da ba ta rabuwa biyu daidai, sannan da faɗin 300 zangon da ya fi tsawo zai ci mita 3, idan aka ƙara mahuta, wato shimfiɗaɗɗen wurin juyawa tsakanin zangunan, ta mita ɗaya sai a bar santimita 70 kawai a gaban takin farko, wanda bai isa mutum biyu su gitta ba. Na tsaya a kan taki 20, kowanne milimita 157.5, da faɗin 300. Jimlar ta zama 615, gangaren bai kai digiri 28 ba, kuma kowane zango yana da tashi goma da wurin sa ƙafa tara, domin tashi na ƙarshe yana sauke mutum ne a kan mahuta ko a kan daɓen bene. Masu fara koyo su riƙe wannan sosai, saboda wurin sa ƙafa kullum yana gaza adadin tashi da ɗaya. Tara sau 300 ya ba da mita 2.7, mahuta ta ci mita ɗaya, aka sami ragowar mita ɗaya a gaba.

Zaɓen siffa bai ɗauke ni lokaci ba. Miƙaƙƙiyar matakala mai zango ɗaya tana buƙatar mita 5.7 kafin a ƙara wurin tsayawa a sama da ƙasa, ba mu da wannan fili. Mai murɗawa da masu walda ke ƙerawa tana da kyau a ido kuma ba ta cin wuri, sai dai na ƙi ta ne saboda yadda muke rayuwa a gida: dattijo mai babbar riga, mace mai goyo da ke riƙe da wani yaron a hannu, gado da katifa da firji da za a haura da su, da kuma ranar da za a sauko da marar lafiya a hannun mutum biyu ko uku. Saboda wannan dalili na ƙi sanya takuna masu tsukakken gefe a lanƙwasa, duk da cewa suna rage tsawo. Zango biyu da ke juyawa a kan shimfiɗaɗɗiyar mahuta, kowanne faɗin mita ɗaya da tazarar santimita 20 a tsakaninsu, shi ya dace da wurin.

Abin da na fi so ku tsaya a kansa shi ne daidaiton takuna. Ƙafa tana koyon tsayin matakala daga takun farko da na biyu, daga nan sai ta ci gaba ba tare da ido ya duba ba, shi ya sa taki guda da ya bambanta da 'yan'uwansa yake kayar da mutum ko da bambancin bai kai kaurin yatsa ba. Ƙa'idar gidajen zama da ake bi a yawancin jihohin Amurka ba ta yarda bambanci tsakanin taki mafi tsayi da mafi gajarta a zango ɗaya ya wuce kimanin milimita 9.5 ba. A gidaje da yawa da na shiga, takin farko gajere ne, na ƙarshe kuma dogo, kuma musabbabin ɗaya ne: an raba tsayin a kan tsuran kankare, aka manta cewa abin da za a shimfiɗa a daɓe ya fi wanda za a shimfiɗa a kan takuna kauri. A namu lissafin daɓen ƙasa da na bene za su ci milimita 50, takuna da mahuta kuma 30. Saboda haka dole kafinta ya bar takin farko a 177.5, na ƙarshe a 137.5, sauran a 157.5, ta yadda bayan an sa tayil duka za su koma daidai.

Rabin milimita ba ya aunuwa da tef a wurin gini, kuma idan aka riƙa auna kowane taki daga wanda ke ƙasansa, ƙananan kurakurai suna taruwa su fito a sama. Don haka na sami miƙaƙƙen katako na zana duk tsayin a jikinsa daga tushe ɗaya, 157.5, sai 315, sai 472.5, har zuwa 1575 inda mahuta take, sannan muka kai alamomin bango da tiyo mai ruwa. Kafinta ya yi na'am da wannan, domin zai bi layi ne kawai.

Na kuma duba sararin kai. Daga bakin kowane taki zuwa ƙasan dekin ko bim da ke samansa bai kamata ya gaza mita 2 ba, wanda ke nufin girman ramin da za a bari a dekin daga zanen matakala yake fitowa, kuma tilas a san shi kafin ranar zuba dekin. Ƙarƙashin mahuta zai rage kusan mita 1.4 bayan an cire kaurin kankare, don haka shawarar yin banɗaki a wurin ta faɗi, sai dai ma'ajiyar kaya.

Girman rodi da tazararsa aikin injiniya ne, ban sa hannu a ciki ba. Abu ɗaya da ya nuna mini wanda ya cancanci ku sani shi ne kusurwar da zangon farko ke haɗuwa da mahuta. A can ba a lanƙwasa rodin ƙasa ya bi cikin kusurwar, domin idan nauyi ya ja shi zai nemi miƙewa ya ɓalle kankaren da ke rufe da shi. Ana tsallaka rodunan biyu ne, kowanne ya wuce ya kama a ɗaya ɓangaren.

Sauran shawarwarin da aka tsayar su ne marikin hannu a tsayin santimita 90 zuwa 100 daga bakin taki, da sandunan ƙarfe a tsaye waɗanda tazararsu ba ta kai santimita 10 ba, don kada kan yaro ya shige. Na hana mai walda sanya sanduna a kwance, saboda yara suna mayar da su tsani. Tayil mai santsi ba zai hau takuna ba, ganin yadda ƙurar hunturu da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala suke mayar da shi abin tsoro. Za a buɗe taga a kan mahuta, a kuma sa makunnin fitila biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Mataki na gaba shi ne kafa katako da ɗaurin rodi. Za a zuba kankaren daga ƙasa zuwa sama, da kwaɓi mai kauri don kada ya malalo ta ƙarƙashin allunan takuna, sannan a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa na aƙalla kwana 7. Kafin a zuba, zan sake bin kowane allo da katakon awon nan, kuma sakamakon wannan dubawa shi ne abin da zan kawo muku a rubutu na gaba.