Kafin Ka Nemi Kakanka, Nemi Garinsa

Abin da na shiga ɗakin karatun salsala da shi bai taka kara ya karya ba: sunan kakan mahaifina, sunan ƙauyen da aka ce daga can ya taso, sai wata magana ta Goggo, yayar mahaifina, cewa ya bar gida bayan wucewar babbar annoba. Ma'aikaciyar da ke kula da masu bincike ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, ajiye sunan mutumin tukuna. Ƙauyen nan, a ƙarƙashin wace hukuma yake a wancan lokaci?"

A kan wannan tambaya duk aikin ya ginu. Talaka ba ya rubuta kansa a rajista, rubuta shi ake yi. Mai karɓar haraji ne zai rubuta shi, ko alƙali, ko ma'aikacin ƙidaya, ko mai ɗaura aure, kuma takardar tana zama ne inda hukumar da ta rubuta ta take ajiye kayanta. Shi ya sa irin waɗannan ɗakunan karatu suke jera abin da suka mallaka bisa wuri: ƙasa, lardi, gunduma, gari. Wanda ya san suna bai san wuri ba, sai ya wuni yana zagaye bai taɓa takarda ɗaya mai amfani ba.

Ɗakin karatun da na yi aiki a ciki ƙarami ne, amma yana da haɗin gwiwa da FamilySearch, wadda babban ɗakin karatunta ke birnin Salt Lake a jihar Utah ta Amurka. Asalinta wata ƙungiyar binciken salsala ce da aka kafa a 1894, ƙarƙashin cocin da aka fi sani da Mormon. Tun 1938 suka fara ɗaukar hoton tsofaffin rajistoci a kan siririn fim, har suka tara naɗi kimanin miliyan 2.4 da suka adana a wata ma'ajiya da aka haƙa cikin dutse, kuma a 2021 suka sanar da kammala mayar da su hotunan kwamfuta. Amfani da su kyauta ne, ba a tambayar addinin mutum. To me zai kai mutum ɗakin karatu alhali abin yana intanet? Wasu hotunan, saboda yarjejeniya da hukumomin da suka mallaki asalin takardun, ba sa buɗuwa sai a kwamfutar cibiyoyinsu ko ta ɗakunan karatun da ke da haɗin gwiwa da su. Daga gida sai dai ka ga sunan kundin, ba ka ga cikinsa ba.

Sashen taswira ne ya fi cin lokacina, kuma ban yi da-na-sani ba. Sunan ƙauyenmu ba ya kan taswirar yau. Ma'aikaciyar ta ɗauko mini wani tsohon kundin sunayen wurare, irin wanda hukumomi ke bugawa mai jero kowane gari da gundumarsa da lardinsa, wani lokaci har da yawan mutanensa da kogin da ke kusa. Nan na ga sunan, amma ba sau ɗaya ba. Ƙauyuka uku ne ke amsa shi, a gundumomi daban-daban, kuma ɗayansu ma yanzu yana cikin wata ƙasa, domin iyaka ta ratsa tsakani.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu wannan aiki. Misalin da suka fi bayarwa shi ne birnin Lviv na ƙasar Yukren. Lemberg ake ce masa a ƙarƙashin Ostiriya har zuwa 1918, ya zama Lwów a hannun Poland, ya koma Lvov a Tarayyar Sobiyet. Ke nan ana iya haifar mutum a wata ƙasa, ya yi aure a wata, ya rasu a wata, alhali bai taɓa barin unguwarsu ba, kuma takardunsa uku suna cikin harsuna uku. A Afirka ma haka ne: Kinshasa Léopoldville ce kafin 1966, Njamena Fort-Lamy ce kafin 1973, Banjul kuwa Bathurst ce har zuwa 1973 ɗin. Idan manyan birane na sauya suna haka, ina ga ƙauyen da aka haɗe da maƙwabcinsa, ko aka tashe shi don gina madatsar ruwa, ko mutanensa suka watse da kansu?

Littafi bai iya raba mini gardamar ƙauyukan nan uku ba. Sai na koma wurin Goggo, amma da tambayoyi na daban. Maimakon in ce "ina ne garin", wanda ta riga ta amsa, sai na ce, "Goggo, da kakanku ke ba da labari, akwai kogi kusa da su? Wane gari suke zuwa idan shari'a ta taso? Tafiyar kwana nawa ce?" Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, "Ɗana, ai kullum yana cewa sai sun haye ruwa kafin su kai wurin alƙali, kuma idan damina ta yi ƙarfi sai a haƙura." A cikin ukun, ɗaya ne kawai kogi ya raba shi da hedikwatar gundumarsa. Ta daɗe da wannan bayani a ranta, ba wanda ya taɓa tambayarta. Ina ganin a nan mutane da yawa ke yin asara: suna raina abin da tsofaffi ke faɗa don ba shi da kwanan wata, alhali tsoho na ƙirga lokaci da abin da ya faru. Annobar da ta ambata ita ce murar da ta game duniya a 1918 zuwa 1919. Wanda aka ce an haife shi shekarar tauraro mai wutsiya, a wancan zamani, mai yiwuwa 1910 ake nufi. Da irin wannan sai shekarun da za ka bincika su ragu daga hamsin zuwa biyar.

Da na san gunduma, sai kundin jerin takardu, wanda ke lissafa abin da aka adana game da kowane wuri, ya fara yi mini magana. Na rubuta sunan gundumar, tsohon sunanta, sai ga abin da ke akwai: rajistar haraji ta wasu shekaru, da wasu takardun filaye. Nan ne wahalar ta ainihi take. Kaso mai yawa na waɗannan hotuna ba a shigar da sunayen da ke cikinsu a na'urar nema ba, don haka rubuta suna a akwatin nema ba ya fito da komai. Dole mutum ya buɗe kundin ya bi shi shafi bayan shafi, cikin rubutun hannun magatakardan da ya mutu tun tuni, wani wuri tawada ta koɗe, wani wuri gara ta ci gefe. Kafin in fara neman suna, sai da na karanta shafuka da dama don kawai idona ya saba da yadda yake lanƙwasa haruffansa. Kuma magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Sunan kakanmu ya zo mini da rubutu iri biyu a kundi ɗaya, babu wanda ya yi daidai da yadda muke rubuta shi yau.

Ranar da na gan shi, layi ɗaya ne tak: sunansa, sunan mahaifinsa, adadin manyan da ke gidan. Na daɗe ina kallon layin nan. Mutumin da ban sani ba sai a baki, ga shi wani ya tsaya a gabansa ya tambaye shi sunansa ya rubuta.

Amma suna ɗaya ba hujja ba ne, musamman sunan da kowane gida ke da mai shi. Ma'aikaciyar ta ba ni shawarar da na fi amfana da ita bayan ta farko: in kwafe sunayen gidaje goma na sama da shi da goma na ƙasa. Masu rajista kan bi gida-gida ne, don haka waɗanda ke kusa da shi a takarda galibi maƙwabtansa ne a ƙasa. Mutane kuma ba safai suke ƙaura su kaɗai ba, sukan tashi da ɗan'uwa, ko suruki, ko abokin sana'a. Da sunan kakanmu ya ɓace daga rajistar ƙauyen a shekarun bayan annoba, na lura wasu sunaye biyu na kusa da shi sun ɓace tare. Ɗayansu suna ne da ba a cika samu ba. Shi na bi, kuma shi ya kai ni rajistar wani gari a lardin maƙwabta, inda na tarar da su ukun a jere. Da sunan kakanmu kaɗai nake bi, da na wuce shi cikin masu irin sunansa.

Akwai inda takarda ke ƙarewa, kuma gara mutum ya san haka tun da wuri. Ko ƙasashen da suka shahara da adana takardu suna da giɓi. Mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890 ta salwanta sakamakon gobarar da aka yi a birnin Washinton a 1921. Ma'ajiyar takardun ƙasar Ayalan (Ireland) da ke Dublin ta ƙone a 1922 lokacin yaƙin basasa, ta tafi da kusan duk ƙidayar 1821 zuwa 1851. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, kuma ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Wasu takardun kuma suna nan lafiya amma doka ta rufe su: Amurka na jiran shekara 72 kafin ta saki sunayen da ke cikin ƙidaya, shi ya sa ta 1950 ba ta fito ba sai 2022, Birtaniya kuwa shekara 100 take jira. Idan ƙidaya ta ɓace, a nemi haraji. Idan babu, a nemi rabon gado, cinikin fili, rajistar makaranta, jerin ma'aikata ko na sojoji. Ma'aikatan ɗakin karatu sun san wace takarda ke maye gurbin wace, matambayi kuma ba ya ɓata.

Littafin rubutu na riƙe tun daga farko, ina sa lambar kowane kundi da shafinsa, har da waɗanda na duba ban samu komai ba, don kada in sake bin su bayan wata shida. Bishiyoyin zuri'a da mutane ke ɗorawa a intanet kuwa, ban ɗauke su hujja ba. Na ga wata da ta haɗa mai irin sunan kakanmu da ƙauyen da ke tsallaken iyaka, ba tare da takarda ko ɗaya ba, kuma wasu sun kwafe ta haka nan. Duk abin da ba a nuna mini kundi da shafi ba, alamar tambaya nake sa masa.

Yanzu ina da wurare biyu tabbatattu da kakan mahaifina ya zauna, da 'yan shekaru a tsakaninsu da bai bayyana a ko'ina ba. Kundin jerin takardu ya nuna cewa rajistar kotun gundumar farko tana nan, sai dai ba a ɗauki hotonta ba, tana babbar ma'ajiyar takardun gwamnati. Na riga na rubuta musu da lambar kundin, ina neman shekarun da suka biyo bayan annobar, domin wanda zai bar gari yakan sayar da gona ko ya danƙa ta ga wani a gaban shaidu.