Makon farko a The Sims 4: inda kuɗi ke zurarewa da inda gobara ke tashi

Simoleon (kuɗin cikin wasan) 20,000 ake ba ka idan ka buɗe gida da mutum ɗaya a The Sims 4, wasan kwamfuta da kake tafiyar da rayuwar mutanen gida, kowane ƙarin mutum kuma yana zuwa da 2,000. Wannan ƙarin ne ke ruɗar sabon ɗan wasa, sai ya tara miji da mata da yara huɗu da kakanni biyu, ya cike gurbin mutum 8 da wasan ya ƙayyade wa gida ɗaya. Ya manta kowannensu yana da buƙatu shida da ke raguwa ba tsayawa: yunwa, barci, bayan gida, tsafta, nishaɗi da hira. Mutum takwas, ma'auni 48 ke nan, kai kuma ido biyu gare ka. Fara da mutum ɗaya ko biyu, matasa, sauran su zo daga baya.

Wasan ya fito a 2014, shi ne na huɗu a jerin da Will Wright da kamfanin Maxis suka fara a 2000, kuma tun Oktoba 2022 ake sauke tushensa kyauta. Duk abin da ke nan da tushen kaɗai za ka yi shi, ba sai ka sayi ƙari ba.

A garuruwan wasan na Willow Creek da Oasis Springs akwai ƙananan gidaje da kuɗinka zai iya saya, da kaya a ciki ko babu. Garin Newcrest filaye ne zalla, ka bar shi sai hannunka ya faɗa da gini. Kowanne ka ɗauka, ka rage aƙalla 2,000 a hannu, domin duk Litinin takardar biyan kuɗi na zuwa, kuma gwargwadon darajar gidan da kayansa ake yanka maka. Ka yi kwana biyu ba ka biya ba a yanke wuta, ka ci gaba da taurin kai a rufe ruwa.

Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne gado. Kowane gado yana da lambar ƙarfin da yake mayarwa, a rubuce take a jikin bayaninsa. Mai araha yana cinye dare gaba ɗaya, mutumin ya tashi da ciwon baya, ya tafi aiki a takure, ƙarin girma ya yi ta ja da baya. Bayan gado sai firji, murhu, kanta ɗaya ta yanka kayan miya, masai, shawa, wurin wanke hannu da kwandon shara. Ba ka ajiye kanta ba, girki ba zai yiwu ba, sai dai ciye-ciyen firji. Babbar talabijin da kujerun alfarma su jira. Kuma kada ka saya da niyyar sayarwa gobe, kaya suna faɗuwa a daraja da zarar sun kwana.

Gobara kuwa kusan kullum hanyarta ɗaya: mutumin da bai iya girki ba ya hau murhu mai araha. Ƙwarewar girki daga mataki 1 take zuwa 10, kuma a matakin farko haɗarin ya fi yawa. Maganinsa ya yi ta haɗa salak, wanda ba ya taɓa wuta amma yana ƙara ƙwarewa, ko ya zauna da littafin girki, har ya kai mataki 2 ko 3. Ka liƙa ƙararrawar hayaƙi kusa da murhu, kuɗinta kaɗan ne. Idan gobarar ta riga ta tashi, ka dakatar da lokacin wasan tukuna. 'Yan gidan ba guduwa suke fara yi ba, tsayawa suke a gaban wutar suna ihu da ɗaga hannu kamar masu kallon dambe, har ta lashi rigar wani. Zaɓi babba ɗaya, danna kan wutar, ba shi umarnin kashewa, sannan ka saki lokaci.

In ya iya girki, kada ya riƙa dafa kwano ɗaya. Akwai girkin mutum 4 da na mutum 8. Ya dafa na takwas, ka ja tukunyar ka jefa a firji da kanka, ta ciyar da mutum biyu kwana da kwanaki. Ka bar ta a tebur ta lalace, koren tururi na tashi, kowa ya shigo ransa ya ɓaci.

Gyara ma yana kisa, kuma a nan mutane suka fi mamaki. Famfo, masai da shawa ba su da haɗari, su ne ma makarantar koyon gyara. Kayan lantarki daban ne. Wanda bai ƙware ba idan wuta ta ja shi sau ɗaya zai tashi a gigice, ya sake taɓawa kafin gigitar ta wuce, ta sake jansa, shi ke nan. Ka jira ta wuce, ko ka kira mai gyara ta waya, ko ka biya a sauya kayan.

Wani lokaci za ka ba da umarni, mutumin ya tsaya cak yana yarfa hannu, umarnin ya ɓace. Ba lalacewa wasan ya yi ba, hanya ce ta toshe. Duba ko kujera ta tare ƙofa, ko an manna gadon mutum biyu da bango ta yadda gefe ɗaya ba ya shiguwa, ko an ajiye wani abu a gaban firji. Wanke kwano a banɗaki alhali ga wurin wanki a kicin, wannan kam tsohuwar ɗabi'arsu ce, haƙuri ake yi.

Ga mai son gini kawai, akwai hanyar baya ta samun kuɗi: ka danna Ctrl da Shift da C tare, ka rubuta motherlode, 50,000 ta faɗo. Ni dai ina ganin tana kashe daɗin makon farko, don talaucin nan shi ke sa ƙarin girma na farko ya yi armashi.

Abu guda da ya shafe mu fiye da masu wasa a Amurka: kada ka dogara da wasan ya adana maka. In kana kan kwamfutar tebur aka ɗauke wuta, duk abin da ka yi tun adanawar ƙarshe ya tafi, har da jaririn da aka yi kwana uku ana jiran haihuwarsa. Ka adana duk lokacin da 'yan gidan suka kwanta barci, kuma jefi-jefi ka adana da sabon suna, domin idan fayil ɗaya ya lalace ka sami na komawa.