Daren da na kwashe maganin tsofaffi biyu

Na shafe shekaru ina harbi a waya da kwamfuta. Call of Duty, PUBG, duk na buga su har idona ya yi ja. In aka harbe ni, allon ya ɗan yi duhu, can sai in tashi da sabuwar bindiga, ko in faɗa sabon zagaye. Ban taɓa ƙirga waɗanda na kashe ba, kuma ko sau ɗaya abin bai hana ni barci ba.

Wasan da ya hana ni barci kuwa, babu soja ko ɗaya a hannuna a cikinsa. Sunansa This War of Mine, wani kamfani a ƙasar Foland ya fitar da shi a 2014. Sun ɗauko tushensa daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya, daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, kwana 1,425, inda aka kashe sama da mutum 11,000. Farar hula uku aka damƙa mini, a wani gida da bom ya cinye rabinsa. Da rana ba a leƙa waje, don maharba na laɓe a saman benaye. Sai dare ya yi mutum ɗaya ya saɓa jaka ya fita neman abinci da katako da magani.

Ɗaya daga cikin mutanena ta kwanta ciwo, kullum jikin sai ƙara tsanani yake yi. Na tura wanda ya fi ƙarfi wani gida da ba mai gadi. Ashe tsoho ne da matarsa a ciki. Ba su da makami, ba su yi ihu ba. Tsohon ya riƙa bina ɗaki zuwa ɗaki yana roƙona in bar musu abin da ya rage, matarsa na zaune ta kasa tashi. Na buɗe kabad, ga magani. Na daɗe yatsana na kan maɓalli kafin na danna. Na kwashe duka.

Mara lafiyata ta tashi. Amma wanda na aika ya dawo ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye, tafiyar ma da ƙyar yake yi. Ni kuma ban sake tura kowa gidan nan ba, don tsoron abin da zan tarar. Na kashe kwamfuta wajen ƙarfe biyu, na kwanta ina jin takun tsohon a bayana.

Tun daga ranar, duk labarin yaƙin da aka kawo mini, littafi ne ko fim ko wasa, abin da nake fara dubawa shi ne inda aka tsayar da ni: bayan bindiga ko gabanta. Kuma wa ya zaɓa mini wurin.

Tambaya ta biyun tana da amsa sau da yawa. Sojan ruwan Amurka ne suka ba masu fim ɗin Top Gun na 1986 jirage da filayensu, kuma irin wannan taimako ba ya samuwa sai ma'aikatar tsaro ta karanta labarin ta amince. A 2002 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fitar da wasanta na kanta, America's Army, kyauta, don jan hankalin matasa su shiga soja, ba ta rufe shi ba sai a 2022. Ba ɓoyewa suka yi ba. Sun san wanda ya saba kallon duniya ta cikin madubin bindiga, ɗaukar ta gaske ba za ta yi masa nauyi sosai ba.

Masu mulki sun san ɗaya ɓangaren ma. Erich Maria Remarque yana ɗan shekara 18 aka ɗauke shi soja a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ji masa rauni a 1917. A 1929 littafinsa All Quiet on the Western Front ya fito, labarin 'yan makaranta da malaminsu ya zuga su zuwa fagen daga, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a cikin ramuka da laka. Yaron da ke ba da labarin ya mutu a Oktoban 1918, saura kaɗan a tsagaita wuta, rahoton soja na ranar kuma cewa ya yi babu wani sabon labari daga fagen daga na yamma. Da aka nuna fim ɗinsa a Balin a Disambar 1930, 'yan Nazi, mabiya Hitler, suka saki ɓeraye a sinimar, suka tarwatsa kallo, aka haramta shi. A 1933 suka ƙona littafin. A 1943 suka fille wa ƙanwar marubucin kai. Duk lokacin da na tuna wannan, sai jikina ya yi sanyi.

Sai dai ko mai kyakkyawar niyya, hoto kan kuɓuce masa. Steven Spielberg ya buɗe fim ɗinsa Saving Private Ryan na 1998 da saukar sojoji a gaɓar tekun Nomandi ta Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da minti ashirin na jini da amai da samari na kiran uwayensu. Na kalle shi da ƙanina, ina kawar da kai, shi kuma yana cewa, "Yaya, don Allah mayar da shi baya, wurin nan ya yi daɗi." Ban ga laifinsa ba. Wannan gaɓar tekun ce aka mayar mataki a wasan Medal of Honor na 2002, inda in an kashe ka sau goma, sau goma za ka sake sauka daga kwalekwale. Ni ma na buga shi, na kuma ji daɗinsa. Har yau ina buga irinsu, amma yanzu idona na zuwa kan gidajen da muke ɓuya a ciki. Ga gado, ga labule, ga keken yaro a jingine, masu gidan ne kawai aka share daga hoton don kada su tsaya mana a gaba.

A 2020 gwamnatin Foland ta sa This War of Mine cikin jerin abubuwan da ɗaliban sakandare za su iya nazarta kamar littafi. Da na ji haka, na ɗora wa ƙanina shi. Bai yi minti biyar ba ya juyo: "Yaya, ina bindigar?" Na ce ya ci gaba dai.

Bayan kwana uku ya same ni da kansa. Ya ce ya shiga gidan tsofaffin. Na ce me ya ɗauko? Ya ce katako da ɗan abinci, maganin ya buɗe ya gani ya mayar. Na tambaye shi mara lafiyarsa fa. Ya yi shiru, yana juya wayarsa a hannu, sannan ya ce ta rasu da asuba, kuma har yanzu bai koma kan wasan ba.