Gindin jirgi: abin da aikin Dadin Kowa ya koya mini

Ni mai walda ne a Gombe, tankokin ruwa da ƙofofi su ne yawancin aikina. Bara wani Alhaji ya ba ni kwangilar ƙera masa jirgin shaƙatawa mai tsawon mita 7, don ya riƙa fita da iyalinsa a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Yana son gudu, yana son rumfa da kujeru masu laushi, kuma ba ya son jirgi ya yi tangaɗi da Hajiya da yara. Ya turo mini hotunan jiragen attajiran duniya ta WhatsApp, ciki har da Azzam, wanda kamfanin Lürssen na Jamus ya ƙera a 2013, mai tsawon mita 180, mai gudun sama da kilomita 55 a awa.

Da na dukufa bincike sai na gane duk rigimar tana ƙarƙashin ruwa. Akwai gindi mai zagaye da ke ture ruwa yana ratsawa. Yana ɗaukar kaya, ba ya shan mai, amma gudunsa yana da iyaka, kuma tsawonsa ne ke yanke iyakar: jirgi mai mita 7 bai cika wuce kilomita 12 a awa ba. Akwai kuma wanda ke ɗagowa ya hau saman ruwa yana sulɓi, shi kuwa sai da babban inji da rashin nauyi. Masu gudu a teku sun fi son gindi mai kaifi kamar harafin V, salon da wani Ba'amurke, Ray Hunt, ya fito da shi, ya kuma yi suna bayan tseren Miami zuwa Nassau na 1960. Yana yanka igiyar ruwa ba tare da ya buga fasinja ba. Illarsa ita ce ƙarin shan mai, da zurfin shiga ruwa, da lilo idan an tsaya cak.

Wannan lilon ne ya fi damuna, domin iyalin Alhaji za su fi daɗewa a tsaye suna cin abinci da ɗaukar hoto. Manyan jiragen alfarma suna magance shi da fukafukan ƙarƙashin ruwa masu motsi da kansu, kayan da kuɗinsu ya fi ƙarfin aikinmu gaba ɗaya.

Na je bakin ruwa na sami wani dattijo cikin masunta, na nuna masa zanena. Ya shafa shafaffen gindin kwale-kwalensa ya ce, "Yaro, in rani ya yi ruwan nan ja da baya yake. Akwai kututture, akwai laka. Mai kaifin gindi a ina zai sauke mata?" Na ce, "Baba, to iskar damina fa?" Ya ce nan kam shafaffen gindi yana shan marin igiyar ruwa, sai mutum ya riƙe ƙugunsa.

Saboda haka na raba. Na yi goshin da kaifi don ya tsaga ruwa, na riƙa buɗe shi a hankali har ya kusa shafewa a baya, na kuma ƙara faɗi. Alminiyam nake so, tunda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa manyan jirage da yawa ke yin gindi da ƙarfe, benayen sama da alminiyam. Amma waldarsa na buƙatar na'ura ta musamman, don haka muka tsaya a farantin ƙarfe da fentin hana tsatsa. Rumfar na yi ta da siririn bututu da tamfol, domin duk nauyin da ka ɗora sama yana kusanto da kifewa.

Ranar gwaji, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, kowa da rigar ceto, jirgin ya zauna daram ko da yara sun taru a gefe ɗaya. Da direba ya murɗe mai har ƙarshe, goshi ya ɗaga, baya ya nutse, igiya ta tashi a bayanmu, gudu kuwa ɗan kaɗan ya ƙaru. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, nauyin nan ba zai bar shi ya hau saman ruwa ba. Ko mu cire rumfa mu ninka inji, ko mu haƙura da gudun." Ya dubi Hajiya, ya ce a bar rumfar.

Yanzu ina zanen wani mai gindi biyu sirara da dandamali a tsakani, don ƙauyukan bakin ruwa masu ɗauko buhuna da babura zuwa kasuwa.