Gawayin da ya sha zaiba ba na kurfoti ba ne

Kama zaiba bai ba mu wuya ba. A shagon yayana da ke sayen zinare cikin garin Katsina, mun cusa gawayin tacewa mai farar wuta a bututun da hayaƙi ke bi in ana ƙona curin zinare da aka haɗa da zaiba, kuma ya yi aikinsa. Farar wutar na haɗuwa da tururin zaibar, su zama irin sinadarin dutsen da ake haƙo zaiba daga cikinsa, wanda da ƙyar ruwa ke narkar da shi. Don haka na ƙi gawayi mai aidin, wanda abin da yake haifarwa ya fi saurin tashi in ya ji zafi. Gawayi tsura kuwa riƙon sakainar kashi yake mata.

Abin da wanda ya sayar mana bai faɗa ba shi ne yadda za a yi da shi in ya ƙoshi. Har yanzu abin na ci mini rai.

Da muka canza shi, aka zuba tsohon a buhu bayan shago. Ina fitowa sai ga yaron mai shayi da kwano, yana ɗiba. Na daka masa tsawa, ya ce, "Baba, ai gawayi ne, na ga an yar." Jikina ya yi sanyi. Ta hanyar gasawa ake fitar da zaiba daga dutsenta. Tana tafasa a digiri 357 na ma'aunin Celsius, garwashi kuwa ya wuce nan nesa. Duk abin da muka tara da sai ya tashi cikin rumfar da mutane ke karin kumallo, ba wari, ba launi, ya shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Mutanen da ba su taɓa riƙe zinare ba!

Yaya ya ce a binne shi kawai. Na ce a'a Yaya, in damina ta kai shi kududdufi, ƙananan ƙwayoyin halitta na cikin laka na iya mai da zaibar irin wadda ke taruwa a jikin kifi, irin da ta nakasa mutanen Minamata a Japan, cutar da aka gano a 1956.

Yanzu tsohon gawayin yana cikin durom mai murfi, a inuwa, bisa bulo, da kwaɗo. Na rubuta "guba, kada a ƙona" da boko da ajami, don ba kowa ke karanta boko ba a layinmu. Buhu kam na hana ko na awa ɗaya, makullin kuma ba na ba yaran shago.