Asabar a gidan wasan pinbol

Ƙarfe tara na isa, sanyin Chicago na ratsa safar hannu. Ba a buɗe wa jama'a sai bayan sha biyu, don haka safiyar Asabar daga ni mai gyara sai injinan pinbol, wato tebura masu gangare da rufin gilashi da ake sa wa kuɗi a buga ƙwallon ƙarfe a tara maki. Mai gidan ya liƙa mini takardar ƙorafin 'yan wasa a ƙofar sito: wani inji ya haɗiye sulalla, wani fitilunsa sun mutu, na kusa da taga kuma hannunsa na dama, ɗaya daga 'yan sanduna biyu da ake dukan ƙwallo da su, ba ƙarfi.

Da na tagar na fara, tsohon inji ne na shekarun 1990. Na zare gilashin, na kwashe ƙwallayen kafin in ɗaga filin wasan, don in aka bar su ciki sai su gangaro su fasa wani abu. A ƙasa ake ganin asirin hannun: idan ɗan wasa ya danna maɓalli, wuta ta shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu, koyil ɗin ya fizgi ɗan sandan ƙarfe, sandan ya juya hannun ya daki ƙwallo. Kowane bugu sai sandan ya yi karo da matokari a ƙarshen koyil. Shekara da shekaru ana haka, kansa ya baje, yana goga a cikin bututun roba maimakon ya zame. Na canza sandan da bututun da matokarin da sifirin, na yi wa na hagu ma, don hannu ɗaya sabo ɗaya tsoho yana rikita wa mutum lissafi. Mai kuwa ko ɗigo ban sa ba. Wurin nan a bushe aka yi shi ya yi aiki. Mai yana jawo ƙura, ƙurar ta zama danƙo, hannun ya ƙara mutuwa.

Sai filin kansa. Na goge baƙin dattin da ya kwanta a hanyoyin ƙwallo, na shafa kaki, na sa sabbin zoben roba. Ƙwallayen duk na zubar. Ƙarfe ne mai nauyin kusan giram 80, kuma da zarar jikinsa ya karce sai ya riƙa cinye fentin filin kamar sanfefa. Ƙwallo arha ce, fentin da ya tafi kuwa dawo da shi babban aiki ne, shi ya sa nake jin ciwo idan na shiga wasu wuraren na ga an yi rowar ta. Daga ƙarshe na auna gangaren na mayar da shi digiri 6.5 ta ƙafafun baya.

Bayan na yi azahar a sito, wani aminina ɗan Zangon Kumasi ya shigo da ɗansa. Ya tsaya yana kallon mutane na zuba kuɗi, ya ja ni gefe.

“Malam, tsakani da Allah, wannan abin ba caca ba ne?”

Tambayar ta yi mini daɗi, don ni ma sai da na yi wa kaina ita kafin in karɓi aikin. Na ce, “Alhaji, a nan ba wanda ke fita da ko sisi. Kuɗin wasa kake biya, iyakar ladan gwani a ƙara masa wasa ɗaya.” Na kuma gaya masa zarginsa yana da tushe. Injinan farko ba su da hannu, mutum ya harba ƙwallo ne ya zuba ido, wasunsu ma suna biyan kuɗi. A 1942 magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya haramta su, 'yan sanda suka yi ta kwashewa ana farfasawa da guduma. Sai 1947 kamfanin Gottlieb na nan Chicago ya fito da injin farko mai hannu. Duk da haka haramcin bai tashi ba sai 1976, lokacin da wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya buga wasa a gaban majalisar birnin New York, ya faɗi inda ƙwallonsa za ta bi kafin ya harba, ta kuwa bi.

Ina cikin ba shi labarin nake tunanin aikina na safe. Duk hujjar cewa wasan ƙwarewa ce, a kan hannun nan ta dogara. Idan hannun ya yi sanyi, ko injin ya karkace gefe ɗaya, ko makunnin da ke ƙirga maki ya daina ji, wanda ya iya da wanda bai iya ba sun zama ɗaya, sa'a ce kawai ta rage. Mutum ya biya kuɗin wasan gwaninta an ba shi wani abu dabam. Ni a wurina wannan haƙƙi ne, kuma a wuyan mai gyara yake.

Yaron ya ce, “Kawu, zan gwada.” Na kai shi injin tagar. Da farko hannayen biyu yake dannawa tare, kamar kowane sabon shiga. Na nuna masa yadda zai ɗaga hannu ɗaya ƙwallon ta sauka ta tsaya, ya numfasa, ya zaɓi inda zai aika ta. Da ta hau gadar hagu ta zagayo, uban ne ya fara cewa madalla. Can yaron ya jijjiga injin da ƙarfi, ɗan ƙarfen da ke lilo a ciki ya taɓa zobensa, hannayen suka mutu, ƙwallon ta wuce. Na ce masa turawa kaɗan tana cikin wasa, wuce gona da iri ne injin ba ya yafewa.

Da yamma na buɗe kan wani injin na tarar batir uku da ke riƙe masa maki sun fara zubar da ruwa, farin gari ya taru a mazauninsu. Ruwan nan yana cin hanyoyin wuta na allon lantarkin da ke sarrafa injin, kuma kamfanin Williams da ya ƙera da yawa daga injinan wancan zamanin ya bar sana'ar tun 1999, samun allo na asali sai an tona. Na cire batiran, na kashe injin, na gaya wa mai gidan kada a kunna shi sai na wanke allon na mayar da mazaunin batir nesa da shi. Ya ce daren Asabar ne, injin yana kawo kuɗi. Na ce na sani. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko takarda ya rubuta cewa ana gyara, ya liƙa a gilashin da hannunsa.